Lesin ɗin lissafi na Agege: yadda suke koyar da yiwuwa mai sharaɗi, da ko ya ci kuɗinsa

Salam jama'a. Masu tambayata a kan wurin lesin ɗin nan na Agege da ƙanwata ke zuwa, wai ko ya ci kuɗin da ake biya, toh amsata a taƙaice ita ce eh ya ci, amma ba a komai ba kuma ba ga kowane yaro ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta da kyau don kar wani ya kai ɗansa da sunan ni nace, daga baya ya zo yana min ƙorafi.

Wurin ba wani babban wuri bane, ɗaki ne guda da ɗan baranda a saman bene, ƙasa shaguna ne, tafiyar ƙafa kaɗan daga gadar Pen Cinema ta ɓangaren layin dogo. Malami ɗaya ne ke riƙe da lissafi, Bahaushe ne haifaffen nan Agege, yana jin Yarbanci da burokin kamar yadda yake jin Hausa, sai wani saurayi da ke taimaka masa da duba aikin gida. Yaran SS2 da SS3 suke ɗauka, masu shirin WAEC da NECO da JAMB, akwai kuma 'yan tsirarun manya da suka shiga foli ko jami'a lissafin shekarar farko ya sha musu kai. Kuɗi naira 15,000 ne a wata lokacin da na biya, Asabar da Lahadi da yammacin Laraba, ku tambaya kafin ku je don a garin nan farashin yau ba shi ne na gobe ba. Wanda ke Idi-Araba ko Oshodi zai iya bin jirgin ƙasan nan na Red Line ya sauka a tashar Agege, wanda ke Mile 12 kuwa sai dai ya yi haƙuri da danfo da go-sulo.

Ita ƙanwar tawa SS3 take, tana ɗaukar lissafi mai zurfi wanda yara ke ce wa foda mas, kuma ba laifi kanta na ja, aljebra da su tirigonometiri duk tana kamawa, amma da an zo lissafin yiwuwa musamman inda aka sa sharaɗi, wato a ce maka ga wani abu ya riga ya faru ko an riga an san shi, to mene ne yiwuwar wancan ɗayan, nan take tsayawa cak. Fomular tana kanta, ko cikin barci ka tashe ta zata karanto maka P(A|B) = P(A∩B) / P(B), amma ka miƙa mata tambaya ta gaske bata san wanne ne A wanne ne B ba, sai ta cusa lambobi yadda hannu ya kai. Karatun aku kenan. Don haka abin da zan fi yin magana a kai shi ne yadda malamin nan ke koyar da wannan babin, don shi na zauna na gani da idona a bayan aji, ya ƙyale iyaye da yayye su zauna in dai ba zasu sa baki ba, wannan kaɗai ma ya burge ni.

Abu na farko, bai fara da fomula ba sam. Goro ya zo da shi, ja guda 5 fari guda 3, ya zuba a hularsa. Kuma ya dace da wurin don Agege tun zamanin kakanni da cinikin goro aka san Hausawan cikinta, tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912 ake loda shi zuwa arewa. Yace wa wani yaro sa hannu ka ɗauko ɗaya ba tare da ka duba ba, menene yiwuwar ja ne, kowa yace 5 bisa 8. Yaro ya ciro, ja ne. Malam ya karɓa ya ɓare ya jefa a baki yana tauna, yace toh wannan ya tafi ba zai dawo ba, yanzu in aka sake sa hannu fa? Saura goro 7, ja 4, kenan 4 bisa 7. Yace da na mayar da shi cikin hula da nawa ne, suka ce 5 bisa 8 yana nan yadda yake. Shikenan an gama bambancin ɗauka a mayar da ɗauka ba mayarwa, wanda ko a lissafin gama-gari na WAEC yana zuwa, kuma yara da yawa a nan suke zubar da maki don sun manta su rage na ƙasa.

Daga nan ya zana musu bishiya a allo, reshe biyu daga tushe, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Ja sannan ja, 5 bisa 8 sau 4 bisa 7, ya ba da 20 bisa 56. Ja sannan fari 15 bisa 56. Fari sannan ja shi ma 15 bisa 56. Fari da fari 6 bisa 56. Ya hana su rage lambobin tukuna, yace ku bar su duka a kan 56 ku tara, 20 da 15 da 15 da 6, ya cika 56 cif, in bai cika ba to akwai inda kuka yi ɓarna, ku koma ku duba tun kafin mai makin ya duba muku. Wannan ɗabi'ar tara rassa a ga sun ba da 1 ita ce abu na farko da na ga ta kama ƙanwata, yanzu ko ba a ce mata ba sai ta yi.

Inda abin ya yi daɗi shi ne da ya juya tambayar. Ya sake cika hular goro 8, ya ciro ɗaya bai duba ba bai nuna wa kowa ba ya sa a aljihu, ya ciro na biyu ya ɗaga sama, ja ne. Yace na cikin aljihuna fa, menene yiwuwar ja ne? Aji ya kaure, mafi yawa suka ce 5 bisa 8 mana, ai shi aka fara cirowa, ta yaya na biyu zai canza abin da ya riga ya shiga aljihu. Wata yarinya har tana rantsuwa. Malam bai yi musu gardama ba, ya zazzage hular ya bar goro biyu kacal, ja ɗaya fari ɗaya, ya sa ɗaya a aljihu ya nuna na biyu ja, yace yanzu fa? Kowa yace ai na aljihu fari ne tabbas. Yace to ya aka yi na biyun ya gaya muku labarin na farko? Goron da ke aljihu bai canza ba, abin da kuka sani ne ya canza. Suka koma kan bishiya, rassan da na biyu ya zama ja guda biyu ne, 20 da 15, jimla 35, a cikinsu wanda na farko ja ne 20, amsa 20 bisa 35 wato 4 bisa 7. Wallahi ni kaina da na yi difloma a akanta kuma na ci wannan kwas ɗin, ban taɓa ganin an buɗe shi haka ba.

Duk koyarwarsa a kan magana ɗaya take tafiya, kuma yana maimaita ta har yara na kwaikwayonsa: sharaɗi yana rage maka fili ne. Kafin a gaya maka komai kana duba duk abin da zai iya faruwa, da an ce ga abin da aka sani, sai ka share duk wanda bai dace da shi ba, abin da ya rage shi ne sabon na ƙasanka, ka ƙirga abin da ake nema a cikinsa kawai. Ya yi shi da dayis ɗin lido, biyu in an jefa hanyoyi 36 ne. An ce maka jimla 8 ce, menene yiwuwar biyun iri ɗaya ne? Ka share komai sai 2 da 6, 3 da 5, 4 da 4, 5 da 3, 6 da 2, guda 5 kenan, iri ɗaya a ciki 4 da 4 ne kawai, amsa 1 bisa 5, ba 1 bisa 6 ba kuma ba 1 bisa 36 ba. Sai ya ƙara wata mai santsi, an ce maka aƙalla ɗaya daga cikin dayis ɗin siki ne wato 6, menene yiwuwar duka biyun siki ne? Kusan kowa yace 1 bisa 6. Ya sa su zana jadawalin 36 ɗin su ƙirga inda 6 ta fito, layi ɗaya guda 6, ɗayan layin guda 6, amma 6 da 6 ta shiga sau biyu, kenan 11, amsa 1 bisa 11. In da cewa aka yi dayis na farko ne siki to nan ne 1 bisa 6. Bambancin jimla biyun nan kaɗan ne a kunne amma amsarsu ba ɗaya ba, kuma irin ramin da masu saita jarrabawa ke son haƙa wa yara kenan.

Sai bayan duk wannan ya rubuta fomula, yace ku duba da kyau ba wani sabon abu bane, na ƙasa shi ne filin da ya rage, na sama shi ne abin da kuke nema a cikin filin. Ƙanwata da muka fito tace min Yaya ashe abin da layin tsayen nan na cikin P(A|B) ke nufi kenan, duk abin da ke bayansa shi aka riga aka sani.

Misalin da ya fi zama min a kai shi ne na suya, don ya taɓa mu nan Legas. Yace in ka tarar da mai suya a bakin titi a Obalende ko Ikeja, yiwuwar ɗan arewa ne tana da yawa ko? Aka ce sosai. Yace to in ka tarar da ɗan arewa a Legas, yiwuwar mai suya ne fa? Aka fashe da dariya, don a ajin nan kaɗai akwai ɗan mai canji, ɗan direban tirela na Apapa, 'yar ma'aikacin banki, 'ya'yan 'yan kasuwar Alaba Rago da Mile 12, babu ɗan mai suya ko ɗaya. Yace to kun ga P(A|B) da P(B|A) ba abu ɗaya bane, na farko kana ƙirga a cikin masu suya, na biyu kana ƙirga a cikin 'yan arewa gaba ɗaya, wanda ya haɗa su ya faɗi tambaya, kuma a waje ma irin wannan haɗawar ce ke sa wani ya ganka da hula ya yanke maka sana'a. Bai ja maganar ba ya wuce, amma yaran sun gane, don kusan kowannensu an taɓa kiransa aboki a motar haya.

Daga nan aka shiga irin tambayoyin da ake juya bishiya baya, wanda a littafi ake kira ƙa'idar Bayes. Shi dai Thomas Bayes malamin coci ne a Ingila, ya rasu a 1761 bai buga aikin ba, abokinsa Richard Price ne ya fitar da shi a 1763, sannan Laplace na Faransa ya sake gano shi da kansa a 1774 ya faɗaɗa shi, malam ya faɗi wannan a minti biyu ya wuce kuma na ga daidai ne, ba tarihi aka zo biya ba. Yadda yake warware su shi ne baya taɓa yarda yaro ya fara da kashi cikin ɗari, sai ya mayar da komai ƙirge. Misali yace dillali a Mile 12 ya sauke kwandon tumatir 100, 60 daga motar farko 40 daga ta biyu, motar farko kashi 5 cikin 100 na kayanta sun lalace, ta biyu da ta kwana a hanya kashi 15. An buɗe kwando ɗaya an tarar ya lalace, menene yiwuwar na mota ta biyu ne? Kashi 5 na 60 kwando 3 ne, kashi 15 na 40 kwando 6 ne, lalatattu duka 9, na mota ta biyu 6, amsa 6 bisa 9 wato 2 bisa 3. Motar da ta kawo kaya kaɗan ita ke da mafi yawan ɓarna. Yaron da babansa ke wannan sana'ar tun kafin malam ya gama rubutu ya faɗi amsa, alhali in da injin A da injin B na kamfanin ƙusa aka ba shi yadda littafi ke yi, da sai ya yi ta kallon silin.

Da irin wannan ƙirgen ya yi musu na gwajin asibiti, kuma ya faɗa tun farko lambobin na misali ne ba na wata cuta ta gaske ba. A ce gari mai mutum 10,000, mutum 1 cikin 100 na da cutar, kenan 100 na da ita 9,900 lafiyarsu ƙalau. Gwajin na kama kashi 95 na masu ita, ya kama 95. Amma yana kuskure a kan kashi 5 na masu lafiya, kashi 5 na 9,900 kuwa 495 ne. Waɗanda gwaji ya nuna duka 590, masu cutar da gaske a ciki 95, wato kusan kashi 16 cikin 100. Kafin a yi lissafin ya tambayi aji, har da mu na baya, kowa cewa yake kashi 95. Dalilin shi ne masu lafiya sun fi yawa nesa ba kusa ba, ɗan kuskuren da ake yi a kansu ya fi duk masu cutar yawa, shi yasa likita kan ce a sake gwaji in cutar ba mai yawa bace a cikin jama'a. Ya kuma ja kunnensu kar wani ya je gida yace malam yace gwaji ƙarya ne, in mutum na da alamomin ciwo to ba cikin 10,000 ɗin nan ake ƙirga shi ba, filinsa daban ne.

Amma darasin da na ga ya sa ajin yin tsit shi ne na sikila. AS, wato mai ɗauke da jinin sikila amma baya ciwon, ya auri AS, kowane ciki hanyoyi 4 ne masu daidai da juna, AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ya fara da kashe maganar nan da ake yi a gidaje wai in an haifi mai sikila ɗaya to ukun da zasu biyo sun tsira, yace ƙarya ce, kowane ciki 1 bisa 4 ɗinsa daban, na baya bai san abin da ya faru da na gaba ba, wannan shi ne abubuwan da basu dogara da juna ba, sharaɗin bai canza komai. Sannan yace ga yaro daga irin wannan gidan ya girma an tabbatar ba SS bane amma ba a yi masa gwaji ba, menene yiwuwar AS ne? Suka ce rabi. Yace ku share SS, saura nawa? Saura 3, AS biyu a ciki, 2 bisa 3. In wannan yaron ya auri AS ba tare da gwaji ba, yiwuwar ɗansu na farko ya zo SS ita ce 2 bisa 3 sau 1 bisa 4, wato 1 bisa 6. Ya ambaci cewa a 2024 Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure har da na jinsin jini, yace ku da kuke Legas kar ku jira doka. Akwai uwar wata yarinya da ke zaune kusa da ni, ita ce ta fi kowa yawan tambaya ranar, malam yana ce mata Hajiya bari mu gama da yara tukuna zan zo kanki.

To yanzu inda basu yi min ba, kuma ba kaɗan bane.

Na farko cunkoso. Ɗakin na mutum 20 ne in ya yi yawa amma ranar Asabar har baranda ake zama, fanka ɗaya, in aka ɗauke wuta sai ƙaramin janareto da ƙararsa ke cinye muryar malam, na baya sai dai ya kwafi allo. Irin koyarwar nan ta goro da dayis sai kana gani kana sa hannu take shiga, yaron da ke baranda kuɗinsa ɗaya da na gaba amma rabin darasi yake samu. Na yi masa magana yace Alhaji haya ce ta yi tsada, na gane, amma ko raba su gida biyu ai zai yiwu.

Na biyu kuma shi ne babba a wurina, jarrabawa da Turanci take zuwa, shi kuma malam kusan duk bayaninsa da Hausa ne sai ɗan burokin saboda yaran Yarbawa biyu-uku da ke ciki. Hakan ne ya sa ake ganewa, ban musa ba, amma ya kamata a ƙarshen kowane darasi a ɗauko tambayoyin WAEC na shekarun baya yadda aka rubuta su a sa yara su karanta da kansu su tsamo sharaɗin. Yana yi amma kaɗan, kuma a gurguje lokacin da kowa ya gaji. Na gwada ƙanwata a gida, in na faɗa mata tambaya da baki da Hausa kafin in rufe baki ta zana bishiya, in na miƙa mata takardar tambaya sai ta ɗauki lokaci tana neman wace jimla ce aka riga aka sani wace ce ake nema. Ga kuma tambayoyin karta mai 52, yaranmu da yawa basu taɓa riƙe ta ba, basu san iri 4 ne kowanne 13 ba, ja 26 baƙi 26, malam kuma yana ƙyamar kawo ta aji saboda kar a ce yana koya wa yara caca. Niyyarsa mai kyau ce amma ai a allo ma za a iya zana ta, littattafai cike suke da irin tambayoyin.

Na uku, akwai ranar da ya cinye kusan duk lokacin a kan wasan kwano uku. Kwano uku a kife, ƙarƙashin ɗaya akwai naira dubu, ka zaɓi ɗaya, malam da ya san inda kuɗin yake ya buɗe wani wanda babu komai, sannan yace zaka canza ko zaka tsaya. Amsar ita ce ka canza, don zaɓinka na farko 1 bisa 3 ne yake daidai, 2 bisa 3 kuɗin na cikin sauran biyun, kuma tunda malam ba zai taɓa buɗe mai kuɗi ba duk 2 bisa 3 ɗin ta tattara a kan wanda ya rage. Tambaya ce sananniya, a 1990 da aka buga amsarta a wata mujalla a Amurka dubban mutane sun rubuto suna cewa kuskure ne har da masu digirin digirgir. Yara sun ji daɗi, an yi ta ihu ana gwadawa, ni ma na ji daɗi, amma ga wanda jarrabawarsa ta matso wannan ranar da an ba shi tambayoyi 10 na baya ya fi masa. A yi shi da 'yan SS2 da ke da lokaci.

Sai ƙananan abubuwa. Takardun aikin gida hoto ne na rubutun hannu, wani wurin 3 da 8 basa bambanta, kuma an samu amsa ɗaya a baya da ba daidai ba, an rubuta 3 bisa 8 inda ya kamata 3 bisa 7, yaran ne suka gano suka kai masa ya karɓa ba gardama, wannan na yaba. Sun ce ana iya turo tambaya ta WhatsApp kowane lokaci, gaskiya amsar sai ta kwana biyu, wani lokacin saurayin nan mai taimako ne ke amsawa kuma shi fomula kawai yake jefo maka ba bayani, wato ainihin abin da muka gudo daga gare shi. Lokacin sallah kuwa ba matsala, ana tsayawa a yi la'asar, mata na da gefensu, kuma ana tashi kafin magariba don masu nisa.

Wani zai ce ai duk wannan akwai shi kyauta a YouTube, me zai sa in biya 15,000. Akwai kam, kuma wasu sun iya, amma bidiyo ba ya ganin fuskar yaro ya gane ya ɓata, ba ya jin amsar 5 bisa 8 ya san daga ina kuskuren ya taso. Manhajojin nan masu ba da amsa ma na ga yara na amfani da su, su ɗau hoton tambaya amsa ta fito su kwafa, a wannan babin kuwa kwafar amsa bata da amfani ko kaɗan don da an canza kalma ɗaya a tambaya na ƙasa ya canza. Abin da kuɗin ke saya shi ne mutumin da zai bar yaro ya faɗi amsar da ba daidai ba da ƙarfinsa, sannan ya rage goron zuwa biyu ya bar shi ya kama kansa.

Wanda ɗansa ke haddace fomula bai san me take nufi ba, ko wanda Turancin malamin makaranta ke wuce shi, ya kai shi, kuma ya kai shi tun SS2 kar ya jira saura wata biyu jarrabawa. Wanda ɗansa ya riga ya gane abin da yake buƙata kawai gudu ne da yawan tambayoyi irin na JAMB a kwamfuta, nan ba wurinsa bane, babu kwamfuta ko ɗaya a wurin, ya nemi cibiyar da ke da su. In zaku je ku nemi ajin Laraba don ya fi sauƙin mutane, ku ce a sa yaro a gaba, kuma ku saya masa littafin tambayoyin baya na WAEC daban ya riƙa yin na yiwuwa a gida da agogo a gabansa, ni haka nake yi da tawa duk daren Lahadi, ita ta karanta tambayar da ƙarfi ta ja layi ƙarƙashin abin da aka riga aka sani kafin ta taɓa biro da sunan lissafi. Kuɗin wata ana biya ne a farko, suna karɓar tiransifa, amma ku nemi rasit don littafin da suke rubuta sunayen waɗanda suka biya a hannun saurayin nan yake kuma ba kullum yake zuwa da shi ba.